Magana magani ce? Ilimin halayyar ɗan Adam a ma'aunin mutumin Gamu

Tun lokacin da ƙungiyoyin agaji suka fara kawo wasu ma'aikata da ake kira pisikolog a gabashin Nijar, akwai wata tambaya da ma'aikatan gwamnati da malaman lakwal da waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci suke yawan jefa wa juna. Tambayar ita ce: mutumin da ba ya allura, ba ya ba da ƙwaya, ba ya ɗaure rauni, sai dai ya zauna ya saurari majinyaci, ya yi masa ƴan tambayoyi, ya ce ya dawo mako mai zuwa, shin aikin likita yake yi ko kuwa cin albashi kawai? Masu shakkar abin suna da hujjoji, kuma cikinsu har da lokotoroci da manyan malaman addini. Saboda haka bai kamata a rufe musu baki da cewa ba su waye ba. Abin da ya dace shi ne a auna maganar da ma'aunin wani wuri na ƙwarai inda talakawa suke zaune, domin abin da ya yi amfani a Paris ko a unguwar Plato ta Yamai bai zama lalle ya yi amfani a karkara ba.

A ɗauki Gamu, ƙaramar hukumar karkara cikin gundumar Gure, jahar Damagaram, ƙasar noman gero da kiwo, inda damina ɗaya take yanke wa gida hukuncin shekara guda. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 20,000 a cikinta. Garin Gure kansa yana wajen kilomita 160 gabas da Zinder bisa babbar hanya ta ɗaya, daga Zinder zuwa Yamai kuwa akwai wajen kilomita 900. Idan hankalin mutum ya taɓu a ƙauye irin waɗannan, da farko malam ake nema, ko boka, ko masu girka. In abu ya ƙi, sai gidan likita mafi kusa, daga nan asibitin Gure, daga nan babban asibitin Zinder. Sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, wanda kowa ya sani da sunan Pavillon E, sai mai hali ƙwarai yake kai ɗan'uwansa can. A farkon shekarun 2010 likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar nan baki ɗaya ba su kai goma ba, alhali jama'a ta zarce miliyan 17. Wanda duk zai yi magana kan amfanin wannan ilimi, to, ya fara riƙe wannan lissafi.

Abu na farko da yake rikita gardamar shi ne ana zuba ciwo iri dabam-dabam cikin ƙwarya ɗaya. Akwai hauka tuburan, inda mutum yake jin muryoyi, yake ganin abin da babu, yake fita daji ko ya tuɓe a kasuwa. Wannan magana kaɗai ba ta warkar da shi, yana bukatar ƙwayoyin asibiti, kuma pisikolog na kirki shi ne zai fara faɗin haka. Akwai farfaɗiya, wadda ciwon ƙwaƙwalwa ce mai magani mai araha, ba ta da dangantaka da hauka, ko da yake jama'a suna gudun mai ita kamar tana yaɗuwa. Sa'an nan akwai wani babban rukuni wanda ba shi da suna ɗaya a Hausa: ɓacin ran da ya wuce makonni bai sauka ba, yawan tunani, firgita cikin barci, faɗuwar gaba ba dalili, mutuwar jiki, mace ta haihu ta rasa sha'awar ko ɗaukar jaririnta. Masu irin wannan ba sa jifan kowa, don haka ba a lissafa su cikin marasa lafiya. Su ne suke zuwa gidan likita da ciwon kai da zafin ƙirji da kasala, a auna a ga ba zazzaɓin cizon sauro, a ba su parasetamol, su koma, su dawo bayan wata. A kan wannan rukuni ne ya kamata a yanke hukunci game da jiyya ta hanyar magana.

Masu shakka suna da gaskiya idan suka tuna tarihi. Ilimin nan ya shigo Afirka tare da mulkin mallaka, kuma ya yi masa hidima. A Aljeriya, Antoine Porot da almajiransa sun koyar cewa mutumin ƙasar ƙwaƙwalwarsa ba ta gama nuna ba. A Kenya, a farkon shekarun 1950, J. C. Carothers ya kwatanta ɗan Afirka mai lafiya da Baturen da aka yanke wa jijiyoyin goshin ƙwaƙwalwa, kuma a 1954 ya rubuta wa gwamnatin mulkin mallaka rahoto yana fassara tawayen Mau Mau da rikicin hali, bai ga ƙwacen gonaki ba. Frantz Fanon, wanda ya yi aiki a asibitin Blida daga 1953 zuwa 1956, shi ne ya fi kowa tona asirin wannan koyarwa. Haka kuma hanyar Sigmund Freud, ta kwantar da majinyaci bisa gado yana zuba labarin ƙuruciya da mafarkai shekara da shekaru, an gina ta ne don masu kuɗin birnin Viyana. Babu wanda zai ce manomin Gamu ya bar gona ya bi ta.

Ko a zamanin yanzu ilimin yana da rauni, masu shi kuma su ne suka fallasa shi. A 2008 wani bincike ya nuna cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen Turai da Amurka da makamantansu, waɗanda ba su wuce kashi 12 cikin ɗari na jama'ar duniya ba. A 2015 wasu masana suka sake maimaita gwaje-gwaje 100 da aka riga aka buga, sai wajen 36 kawai suka ba da amsa mai ƙarfi irin ta farko. Akwai ma wata hanya da aka daɗe ana yayi, ta tara mutanen da bala'i ya auka wa nan take, a sa kowa ya kwashe labarin abin da ya gani a zama ɗaya. Da aka auna ta sai aka ga ba ta hana ciwo, wani lokaci ma tana tsananta shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a daina. Ke nan ba duk abin da aka liƙa wa sunan pisikoloji ne yake da amfani ba, kuma shugaban gunduma yana da ikon ya tambayi kowace ƙungiya da ta sauka a ƙasarsa wace hanya ce za ta bi, kuma ina aka taɓa gwada ta.

Hujja ta biyu ta masu shakka ta fi ta farko nauyi. Suna cewa musulmi yana da haƙuri da tawakkali, yana da dangi da maƙwabta, yana da zaman makoki da zumunci da majalisar dattawa, me zai nema wurin baƙo? Lalle waɗannan abubuwa suna ɗauke da mafi yawan nauyin, kuma in ba don su ba da mutane da yawa ba su miƙe ba bayan farin 1973 da na 1984. Amma fa Bahaushe da kansa ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma wannan tarbiyya ta ɓoye damuwa, duk da kyaunta, tana da ranar da take cutarwa. Amarya da take tsoron kwanan ɗaki ba za ta gaya wa uwar mijinta ba. Magidanci da ya dawo daga Libiya ko Aljeriya hannu banza, bayan ya sayar da bisashen gida ya yi kuɗin mota, ba zai zauna a majalisa ya ce ba ya barci ba. Saurayin da taramol ya kama ya san abin da zai ji idan ya buɗe baki: zagi. Dangi suna da ƙauna, amma suna da hannu cikin maganar, kuma abin da aka faɗa musu yakan zagaya gari. Amfanin farko na ma'aikacin da aka horar shi ne ba shi da rabo cikin rikicin, kuma aikinsa ya wajabta masa riƙon sirri.

Wanda yake ganin abin bidi'ar Nasara ce, ya kamata ya san Abu Zaid al-Balkhi, malamin Khurasan da ya rasu a 934. A cikin littafinsa kan gyaran jiki da rai ya yi bayani kan fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, ya raba baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda yake faɗo wa mutum ba dalili, ya kuma ba da shawarar a tanadi tunani mai kyau lokacin lafiya don a yaƙi mummuna da shi lokacin ciwo, a kuma nemi mai hankali daga waje ya taimaka da magana. Shekara dubu bayan haka, a shekarun 1960, wani likitan Amurka, Aaron Beck, ya tsara hanyar gyaran tunani wadda ta yi kama da wannan ƙwarai. Bambancin da zamani ya kawo shi ne awo: a raba marasa lafiya kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa kashi ɗaya jiyyar, a bar ɗaya da abin da aka saba, bayan watanni a ƙidaya.

An kuwa yi wannan awo a wuraren da talaucinsu ya yi kusa da na Gamu. A kudancin Uganda, cikin gundumomin Masaka da Rakai inda sida ta yi ɓarna, an zaɓi ƙauyuka 30, aka horar da mutanen yankin da ba likitoci ba, suka riƙa zama da ƙananan ƙungiyoyi, maza dabam mata dabam, sau ɗaya a mako har mako 16. Sakamakon da aka buga a 2003 ya nuna cewa cikin waɗanda suka yi zaman, kashi 6.5 cikin ɗari ne suka rage da ciwon ɓacin rai mai tsanani, cikin waɗanda ba su yi ba kuwa kashi 54.7. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, ƙasar musulmi masu kulle, an koya wa matan da suke bin gida-gida don aikin lafiya yadda za su yi magana da masu ciki da ɓacin rai ya kama. Mata 903 ne suka shiga gwajin da aka buga a 2008. Wata shida bayan haihuwa, kashi 23 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jiyyar ne suke da sauran ciwon, a ɗaya ɓangaren kashi 53. Jariransu sun fi samun allurar rigakafi, zawo ya fi ƙaranci gare su, amma nauyinsu bai bambanta ba, masu binciken kuma ba su ɓoye wannan ba.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Zimbabwe. Likita Dixon Chibanda ya fara shi a birnin Harare a 2006, da benci na katako a harabar gidan likita da tsofaffin mata da aka yi wa gajeren horo. Mutanen can suna kiran ciwon da kalmar da take nufin yawan tunani, da ita kuma ake karɓar majinyaci, ba a ambaton hauka. Zama shida ake yi. Kakar tana sa mutum ya zayyana duk abin da ya dame shi, ya zaɓi guda ɗaya wanda yake da iko a kansa, ya kawo dabarun da yake gani da kansa, ya tsai da wadda zai gwada kafin mako ya zagayo, ya dawo ya faɗi yadda aka ƙare. Ba ta yi masa wa'azi, ba ta yanke masa shawara. A gwajin da aka buga a 2016, mai mutum 573, bayan wata shida alamun ɓacin rai sun rage ga kashi 13.7 cikin ɗari na waɗanda suka zauna bisa bencin, ga sauran kuwa kashi 49.9.

Mai karatu zai lura cewa a waɗannan wurare uku babu inda aka kawo Bature ya zauna da tafinta. Masu aikin ƴan gari ne, da harshen gari, bisa tsari gajere wanda aka rubuta, tare da wani masani a bayansu yana duba aikinsu. Irin wannan ne ya nuna amfani, kuma irinsa ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba tun 2008 cikin shirinta na cike giɓin kula da lafiyar hankali. Aikin wanda ya yi digirin pisikoloji a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, idan ana son karkara ta amfana da shi, shi ne ya horar, ya zagaya ya duba, ya karɓi abin da ya fi ƙarfin na ƙasa da shi.

Sai dai kada a ɗora wa magana abin da ba ta iya ɗauka. Ba ta cika rumbu, ba ta dawo da garken da fari ya kashe, ba ta hana miji duka. Wanda yunwa ta hana barci hatsi yake bukata tukuna. Amma akwai wurin da abinci da hali suke haɗuwa, kuma jahar Damagaram, wadda ta sha wuya a yunwar 2005, ta san shi. Yaron da tamowa ta kama yakan daina wasa da dariya, uwar da ranta ya ɓaci takan daina yi masa magana, kowannensu yana ƙara ja da ɗayan baya. A Kingston ta ƙasar Jamaika, daga 1986, an riƙa ziyartar gidajen yaran da rashin abinci ya tsumburar, sau ɗaya a mako har shekara biyu, ana koya wa uwaye wasa da hira da su. Bayan shekara ashirin aka bi sawunsu, aka tarar abin da suke samu a sana'a ya fi na takwarorinsu da ba a koya wa uwayensu wasan ba da wajen kashi 25 cikin ɗari. Shi ya sa ƙa'idojin jiyyar tamowa mai tsanani suka ƙunshi wasa da yaro, ko da yake shi ne abu na farko da ake yarwa in ma'aikata sun yi kaɗan.

Gabas da Gure kuma akwai wani nauyin dabam. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, ranar 3 ga Yuni 2016 ta sake auka wa Bosso, mutum wajen 50,000 suka gudu, da yawa suka kafa bukkoki a gefen babbar hanya ta ɗaya, wadda ita ce take ratsa Gure. A 2017 gwamnati ta fara tara tubabbun ƙungiyar a Gudumariya. Yaron da ya ga an yanka ubansa, macen da aka sace, sojan da ya kwashe gawar abokinsa, yawancinsu za su warware da taimakon Allah da na dangi, wannan kuma masana sun yarda da shi. Amma wani kashi ba ya warwarewa: ƙarar babur ta sa shi rawar jiki, dare ya zame masa azaba, shekara ta zagayo yana nan. Ga waɗannan akwai hanyoyin da aka gwada, har a gabashin Kongo cikin matan da aka yi wa fyaɗe, inda sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna sauƙi mai yawa. A ce wa irin wannan mutum ya yi haƙuri kawai daidai yake da a ce wa mai karaya ya daure ya taka.

Saura maganar malamai da bokaye, wadda ma'aikatan boko suke yawan kauce wa. Ko ana so ko ba a so, su ne ƙofar farko, kuma majinyacin da aka ce ya zaɓa tsakanin rubutu da asibiti rubutu zai zaɓa. Manyan likitocin Afirka ta Yamma sun gane haka da wuri. Thomas Lambo, a Aro kusa da Abeokuta, ya fara a 1954 saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa mai jiyya, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Henri Collomb, a asibitin Fann na Dakar daga 1959, ya buɗe ƙofa ga dangi, ya mai da taron dandali na mutanen Senegal wani sashe na jiyya. A 2020 aka buga wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi, mai majinyata 307, inda ma'aikatan asibiti suke zuwa har gidajen masu magani da masu addu'a suna ba da ƙwaya, mai gida kuma yana ci gaba da nasa. Bayan wata shida waɗanda aka yi wa haɗin gwiwar sun fi samun sauƙi. Iyakar da ba za a yi ciniki a kanta ba ita ce mari da bulala da hana abinci. Yawancin dangin da suke ɗaure ɗan'uwansu ba mugunta ce ta sa su ba, tsoro ne da rashin wata dabara, kuma ƙwayar da ta iso ƙauye ta fi kowace doka saurin kwance mari.

Wani cikas da ba a cika ambata ba shi ne harshe. Takardun horo da na tambayoyi suna zuwa da Faransanci, an fassaro su daga Ingilishi, sai ma'aikaci ya juya su a kansa yana gaban majinyaci. Idan ya fassara sunan fannin da lafiyar ƙwaƙwalwa, tsohuwa za ta ji an kira ta mahaukaciya, ta tashi. Idan ya tambaye ta ko tana baƙin ciki, za ta ce alhamdu lillahi, domin amsa irin wannan tambaya da i kamar butulci ne ga Mahalicci. Amma in ya tambayi barci, da cin abinci, da ko zuciya tana tsinkewa, da ko tunani ya yi yawa, zai ji abin da yake nema. A gundumar Gure kuwa Hausa kaɗai ba ta isa ba, sai da Kanuri da Fulatanci da Tamajak da Tubanci. Wannan aiki ne da ya shafi ma'aikatar lafiya da hukumar yaƙi da jahilci tare: a tattara kalmomin da jama'a suke faɗin damuwarsu da su, a gwada su a ƙauye, a buga ƙaramin littafi wanda mai shaidar karatun manya zai iya karantawa ya yi aiki da shi.

Mutanen da za a horar suna nan tuni. Akwai unguwar zoma, akwai masu wayar da kai da suke bin gidaje lokacin rigakafi, akwai malaman lakwal, akwai mata da maza da suka koyi karatu da rubutu a cibiyoyin dare, waɗanda galibi ba a sake neman su da wani aiki bayan an ba su takarda. Abin da kasafin gunduma zai ɗauka shi ne horon ƴan makonni, da ɗan ihsani na wata-wata don kada aikin ya mutu ranar da ƙungiyar agaji ta naɗe kayanta, da man babur ga ma'aikacin lafiyar hankali da zai fito daga Gure ya zagaya, da ƙwayoyin farfaɗiya da na hauka a kantin gidan likita. Kuma tun ranar farko a buɗe rijista: mutum nawa suka zo, nawa suka gama zama shida, nawa suka koma gona ko kasuwa bayan wata shida, nawa aka tura Zinder. Alƙaluman Uganda da Pakistan da Zimbabwe sun isa dalilin gwadawa, amma ƙaramar hukumar Gamu tana da haƙƙin ta ga nata alƙaluman kafin ta sa hannu a kasafin shekara ta biyu.